Kaporal Mai Yatsu Tara

Abin da Raihana ta fara gani a jikin Imrana takalminsa ne. Na roba ne, irin na makiyaya, kashin shanu ya bushe a kansa. Ta dubi takalmin, ta yatsine fuska, sannan ta ɗago kai. Nan ta yi kuskure, domin idanun da ta tarar a sama farare ne tas, kuma sun fara yi mata dariya tun bakin mai su bai motsa ba.

A karar Mayahi ne, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa. Raihana ɗiyar Mushe Abdussalamu ce, tsohon malamin tarihi a Tasawa. Mushe kuwa laƙabin malamin boko ne da aka aro daga Faransanci. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai, ta dawo gida neman abin da za ta rubuta memwar ɗinta a kai, wato kundin kammala karatu. Tambayar da ke cin ta ɗaya ce. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan ƙasashe sun zauna sun kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, an soke aikin tilas, a 1948 kuma aka shelanta cewa duk ɗan Adam daraja ɗaya gare shi da ɗan'uwansa. To, samarin da aka kwasa daga ƙauyukan Tasawa da Mayahi aka kai su bakin wuta, me ya iso hannunsu cikin waɗannan alkawura? Shi ya sa take bin kasuwanni tana cigiyar jikokin tsofaffin sojoji.

Wanda ya kawo ta a mota Hisham ne, ma'aikacin wani poroje na kare haƙƙin ɗan Adam, wanda ya daɗe yana neman aurenta. Irin mutanen nan ne da ba su iya cewa sannu sai sun yayyafa mata Faransanci. Tunda suka shigo kara yake toshe hanci da hankici.

"An ce kuna neman waɗanda kakanninsu suka je yaƙin Jamus," in ji mai takalmin roba. "Kakana ya je. Shekara shida ya yi."

Hisham ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Ina littafinsa na soja? Ina lambar yabo? Ko hoto?"

"Babu ko ɗaya."

Hisham ya juya ya ce wa Raihana da Faransanci su tafi, in ta biye wa mutanen daji, kowannensu kakansa janar ne. Ita ma ta murmusa ta amsa da harshen, ta ce ai tarihi ta zo nema, ba tatsuniya ba.

Saurayin ya gyara sandarsa a kafaɗa. Da Faransanci mai tsabta, wanda ya fi na Hisham zama a baki, ya yi musu godiya bisa yabon. Sannan ya koma Hausa.

"Shanun nan da kike gani, malama, babu wadda ke da takarda. Amma je ki ja ɗaya ki gani ko ba su da mai su."

Kunya ta rufe Raihana, sai ta lulluɓe ta da isa. "Ba ni lambarka. In na rasa abin cike shafi, na kira."

"Imrana sunana. In na rasa abin yi, na ɗauka."

Kwana uku tana jin haushin wannan amsa. Tana wanke-wanke ta tuna, tana karatu ta tuna, har ta kama kanta tana murmushi ita kaɗai ta yi tsaki. A na huɗu ta tura saƙo.

"Salamu alaikum. Raihana ce, ta kara. Wa ya rage da ya san labarin kakan naka?"

"Wa alaikumus salam, Malama Takarda. Kakata na nan, Inna Jummai. Sai dai ita ma ba ta da takarda, ban sani ba ko ya halatta a ce tana raye."

"Rashin kunya ake koya muku a ruga?"

"A'a, a lakwal na koyo ta, makarantar boko. Har ƙarshen kolej na kai kafin shanu su kira ni."

Rugar su Imrana na arewa da Isawan, inda yashi ke cinye ƙafar mota. Hisham ya ce kat-kat ɗin poroje, motar nan mai keta yashi, ba ta zuwa inda babu atelye, wato taron bita, don haka Raihana ta hau motar kasuwa, daga nan kuma ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ita.

Inna Jummai tsohuwa ce 'yar siririya, ta haura tamanin, idonta kamar allura. Ta dubi wayar da Raihana ta ajiye a kan tabarma.

"Wanga abu shi ka riƙe magana?"

"Shi ne, Inna."

"To ba shi haƙuri, yau ba ya jin komi. Labari saniya ne, ɗiyata, ba ta ba baƙon hannu nono. Sha hurarki ki koma."

Raihana ta koma Tasawa tana cika tana batsewa, ta rantse ba ta sake zuwa. Sati na zagayowa ta sake zuwa.

A zuwa na biyu tsohuwa ta saki kaɗan. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, kamar yadda kunya ta tanada, sai dai ta ce "shi". Shi dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga bukka. Yatsunsa tara ne, igiyar rijiya ta cinye ƙaramin na hagu tun yana yaro. Ya ba ta labarin jirgin ruwa, da sanyin da ke sa ƙarfe ya manne a fata, da abokan da ya rufe da hannunsa a ƙasar da babu mai yi musu salla. In zazzaɓi ya kama shi, sai ya miƙe tsaye ƙyam yana faɗin wata lamba da harshen nasara, har ita ma ta haddace ta. Ta rera wa wayar lambar kamar waƙar daka, Faransancin duk ya karye a bakinta.

"Littafinsa fa, Inna?"

"An amshe."

"Wa ya amshe?"

"Ba yau ba."

Imrana ne ke raka ta har inda ake samun abin hawa. Tafiyar ba ta da nisa, amma kullum ƙara tsawo take, don sai sun tsaya gardama a gindin kowace aduwa. Ta karanta masa abin da ke cikin shelar 1948, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta ko cikin waɗanda suka sa hannu akwai wanda ya taɓa tambayar kakansa sunansa. Da ta isa gida ta rubuta tambayar a kan shafin farko na littafin rubutunta, ta ja mata layi biyu.

Daga nan saƙonni suka canza launi.

"Malama Takarda, yau na ga wata karsana fara mai taurin kai, ta ƙi bin garke, ta ƙi barin garke. Na tuna da ke."

"Da saniya kake kwatanta ni, Ɗan Ruga?"

"A wurinmu babu yabon da ya fi wannan. In na ce kin kai wata, ƙarya na yi, wata ba ya hana ni cin abinci. Ke kin hana."

Raihana ta karanta, ta kifa wayar a ƙirji. Sai da ta goge amsa uku kafin ta tura: "Ci abincinka, Imrana. Ina so in same ka da rai ran Laraba."

Wata biyu bayan haɗuwarsu, Imrana ya tura ƙanen mahaifinsa, Baffa Yasin, da dattawa biyu zuwa Tasawa neman aurenta.

Duk wanda ya taɓa shiga falon Mushe Abdussalamu ya san akwatin gilashin nan mai kwaɗo. A ciki akwai lambar yabo da wani tsohon littafin soja, an rubuta a bangonsa: Kaporal Mamudu Amani. Mahaifin Mushe ke nan, ɗan mai garin wani ƙauye kusa da Hawandawaki. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan ba sai an nuna masa akwatin. Marigayin bai taɓa ba kowa labarin yaƙi ba, 'yan gida suna cewa tsabar abin da ya gani ne ya ɗaure masa harshe.

Su Baffa Yasin ba su ga akwatin ba, domin a zaure Mushe ya tsayar da su.

"Ni malamin tarihi ne," ya ce musu, yana kallon saman kawunansu. "Maganar da ba ta da madogara ban karɓe ta daga ɗalibi ba, bare daga suruki. Aure sai da binciken asali. To ina zan je in bincika naku? Gindin wace itaciya? Wannan yarinya jikar Kaporal Mamudu Amani ce, mutumin da sunansa ke rubuce har ƙasar Faransa. Ku gaida gida, in akwai shi."

Dattawan suka sa takalmansu suka tafi.

Raihana na bayan ƙofa tana ji. Da mahaifinta ya shigo ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, ba kai ka koya mana cewa mutane duka daraja ɗaya gare su ba? Shekara talatin kana sa ɗalibai su haddace."

"Wancan darasin aji ne," in ji Mushe. "Nan gidana ne. Ga Hisham nan, ɗan mutane, mai aikin ofis."

Kwana biyu bayan haka Imrana ya rubuto: "Inna na kiranki. Tunda Baffa ya faɗa mata abin da aka yi take dariya har da tari. Ban san dalili ba."

Raihana ta je da kumburarrun idanu. Tsohuwa ta sa ta kunna waya da kanta.

"Sunanshi na gaskiya bakina ba ya faɗi," in ji Inna Jummai. "Amma wanda ya je yaƙi da shi na aro ne, ba nashi ba, wannan ina iya faɗi. Shi makiyayin mai gari ne a wajen Hawandawaki. Kumandan ya aiko a ba da ɗan mai gari soja. Mai gari ya tura ɗanshi Katsina karatu, ya kama makiyayinshi ya ce, daga yau in an kira Mamudu Amani, kai ka amsawa. Shekara shida yana amsawa. Ran da ya komo, mai gari ya amshe littafi da ƙarfen, ya ce suna namu ne, kaya namu ne, ya miƙa mai sanda ya ce shanu na jira. Shi ya sa ya taso arewa bai sake waiwayen garin ba."

Raihana ta ji kamar an zare mata ƙasa. Ta miƙe, ta juya kan Imrana.

"Sannunku! Kun ji suna a bakin Baba shekaranjiya, yau kun ɗinka masa labari. Ramuwa ce ko? An hana ku ɗiya, bari ku ƙwace kaka. Ashe Hisham ya yi gaskiya, kowane ɗan daji kakansa janar ne!"

Fuskar Imrana ta canza. Bai ɗaga murya ba. "Yau na fara jin sunan nan a bakinta, Allah ne shaidata. Amma ba sai kin yarda da ni ba. Ke ce mai takarda. Je ki tambayi takarda."

Ranar bai raka ta ba. Kwana tara babu saƙo, babu kira. Raihana ta rame, abinci ya koma mata kamar ƙasa. Ta rubuta "Ɗan Ruga" ta goge ya fi a ƙirga.

Amma ita ɗaliba ce, kuma abin da aka koya mata bai bar ta ta huta ba. Shaidar da aka bayar bayan an ji suna, shaida ce mai rauni, wannan gaskiya ne. To abin da tsohuwa ta faɗa tun kafin ta san ko ɗiyar wa ce ita fa?

Ranar Juma'a, Mushe na fita masallaci, ta ɗauko mabuɗin daga aljihun tsohuwar rigarsa. Tunda aka haife ta bangon littafin kawai ta sani. Ta buɗe a hankali, takardun sun yi ja kamar an shafa musu kunun kanwa. A shafi na biyu akawun nasara ya siffanta sojan da ke tsaye a gabansa. Tsawo: mita ɗaya da santimita tamanin da huɗu. Sana'a: makiyayi. Alama ta musamman: babu ƙaramin yatsa a hannun hagu.

Ta ɗaga kai. A bango ga hoton kakanta Mamudu ran da ya dawo daga Makka, gajere, kakkaura, ya ɗora hannuwa biyu a kan gwiwa. Ta ƙirga yatsun. Ta sake ƙirgawa. Goma ne cif.

Ta nemo muryar Inna Jummai ta zuwanta na biyu, wadda wayar ta rubuta wa kwanan wata, sati shida kafin Baffa Yasin ya taka zauren gidansu. Muryar tsohuwa ta fito tana rera lamba. Raihana ta ɗora yatsa a kan lambar da ke littafin tana bi. Ko ɗaya ba ta kauce ba.

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, rabi don mutumin da bai taɓa jin an kira sunansa a fagen yaƙi ba, rabi don kalmar da ta jefi jikansa da ita.

Da la'asar Hisham ya zo, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ta ce a ranta, ai wannan aikinsa ke nan. Ta nuna masa komai.

Ya karanta, ya rufe, ya waiga ko akwai mai ji. "Mayar ki kulle, Raihana. Ran goma ga Disamba Mushe zai yi jawabi a taronmu na ranar haƙƙin ɗan Adam. An riga an buga sunan Kaporal a ƙyalle, an gayyaci manya. Wa ya sani in ba ke ba? Tsohuwar ruga wa zai saurare ta?"

"Haƙƙin mutumin fa?"

"Haba, ma chère. Matacce ba ya da dosiye, babu mai buɗe masa fayil."

Ta dube shi daga tabarau har takalminsa mai sheƙi, irin kallon da ta taɓa yi wa wani takalmi a kara, sai dai wannan karon ba ta yi kuskure ba.

"Hisham, da shelar nan ta 1948 na da baki, da ta roƙi a cire ta daga jakarka. Tashi ka tafi, kada yashin gidanmu ya ɓata maka ƙafa."

Washegari da hantsi ta sami mahaifinta a falo yana gyara jawabinsa. Ta durƙusa, ta ajiye littafin a buɗe a gabansa, ta rufe sunan da 'yar takarda, kamar yadda shi kansa yake yi wa ɗalibai.

"Mushe, ga madogara. Wa ya rubuta ta, wa aka siffanta, wa aka bari a waje?"

Ya dubi akwatin da ke buɗe, ya dube ta. "Wa ya ba ki izini?"

"Kai, Baba. Kai ka ce takardar da ba a buɗe ba ado ce."

"Akawu ne ya yi kuskure. Nasara ba su bambanta fuskokinmu."

"Fuska, na yarda. Yatsa fa? Har ƙirga ba su iya ba?"

Kafin ya amsa ta kunna muryar, ta nuna masa kwanan watan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta cika falon da lambar. Raihana ta ga leɓen mahaifinta na motsi tare da ita, domin shi ma ya haddace ta tun yana yaro. Sannan ta kunna ta ƙarshen, wadda ke da sunan.



"Ina aji biyu na kolej na karanta shafin nan," in ji Mushe. "Na je na tambayi Baba ina yatsan da aka ce babu. Ya mare ni. Bai taɓa marina ba sai ranar. Da na fara aiki na sa aka yi akwatin nan da kwaɗo. Kowa na tsammanin don ƙura ne."

"Baba..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Kwana huɗu bai yi mata magana ba. Raihana ta tura saƙo ɗaya tak: "Na tambayi takarda, ta ce kai ke da gaskiya. Ban cancanci ka amsa ba. Amma ka gafarta mini, Imrana." Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Malama Takardata, tun kafin ki kai gindin aduwar farko na yafe. Na dai tsaya ne in ga ko birni na koya wa mutane ban haƙuri."

Ranar goma ga Disamba, Hisham na tsaye ƙarƙashin ƙyallensa yana duba agogo, kujerar babban baƙo babu kowa. A daidai lokacin Mushe Abdussalamu na bayan kabu-kabu arewa da Isawan, babbar rigarsa ta yi buɗu-buɗu, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji, Raihana na biye a wani.

A bakin bukka ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Inna Jummai ta ƙare masa kallo.

"Kai ne ɗan Mamudu? Lalle ka gado gajarta."

Baffa Yasin ya kau da kai yana danne dariya. Mushe ya kwance ƙunshin, ya tura littafi da lambar yabo gabanta da hannu biyu.

Ta ɗaga lambar da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ƙadangare. "Sai da ya yi shekara talatin a ƙasa za ka kawo mani ƙarfe? Mi zan yi da shi? Ko maraƙi na rataya ma, sai uwar ta ƙi shi."

"To mi kike so, Inna? In ina da shi, naki ne."

"Suna," in ji tsohuwa, sai muryarta ta karye. "Nasara ba su rubuta ba. Kakanka ya ɓoye, ubanka ya yi shiru. Ni kuwa kunya ta ɗaure mani baki tun ina amarya. An ce kai malami ne, ka iya faɗin abu yara su riƙe. Yasin, gaya mai sunan ubanka. Shi kuma ya tashi ya faɗa da ƙarfi, shanu ma su ji."

Baffa Yasin ya faɗa masa. Mushe ya miƙe tsaye a tsakiyar ruga, mata sun leƙo daga bukkoki, makiyaya sun tsaya da sandunansu. Ya ɗaga murya irin wadda yake kiran sunayen ɗalibai da ita.

"Umaru ɗan Danda! Kaporal! Shi ya je, shi ya sha wuta, shi ya komo. Ubana bai taka ko bakin jirgi ba."

Inna Jummai ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta kawai ake gani suna motsi.

Mushe ya juya wajen Baffa Yasin. "Na ce muku aure sai da binciken asali. To na yi. Naku ya fito fes, nawa ne ke da tabo. In har yanzu kuna son jikar Mamudu, ga ta. In kun ƙi, ban ga laifinku ba."

"Ita ina ruwanta?" tsohuwa ta ce daga cikin mayafi. "Ita ta ƙirga yatsu daidai. Kai, Imrana angona, ka tsaya nan kamar turke, ba ka godiya?"

Imrana ya durƙusa gaban Mushe. Raihana ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan takalmin robar nan, ta ji duk duniya babu abin da ya kai shi kyau.

An ɗaura aure a Tasawa bayan ta kare memwar ɗinta gaban malamai. A shafin farko babu sunan babban birni ko babban mutum, sunan Umaru ɗan Danda ne shi kaɗai, ƙarƙashinsa kuma tambayar nan da ta ja wa layi biyu. Sadakinta karsana ce fara, wadda ta ƙi shiga zaure sai da mutum huɗu suka tura ta, Imrana ya aiko a gaya wa amarya wai ga 'yar'uwarta nan ta iso. Da aka shafa fatiha, Mushe da kansa ya ja sanƙira gefe ya gyara masa kirari, aka ji shi har bakin titi yana shelar auren Raihana da Imrana, jikan Kaporal Umaru mai yatsu tara. Hisham bai zo ba, an ce yana atelye.

Da aka kai amarya, Inna Jummai ta kamo hannunta mai lalle ta danƙa mata wani abu mai sanyi, ƙulle a bakin zane.

"Ƙarfen nan ne. A gidanku na sata ne, a gidanmu ya zo a makare. Ajiye ma ɗanku. Shi kaɗai zai rataya shi babu mai cewa aro ya yi."

Raihana ta damƙe shi tana hawaye. Wayarta ta yi ƙara a cikin mayafi.

"Malama Takardata, liman ya ba mu takarda yau. Yanzu kin yarda akwai ni?"

Ta share ido ta rubuta: "Sai na ƙirga yatsunka tukuna, Ɗan Rugana."

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuriya mai faɗin gaskiya ko a kan kanta, ya jiƙan Umaru ɗan Danda da duk waɗanda suka tafi ba a rubuta sunansu ba. Amin.